Rairayi ba ya jiran a tashi taro

Wannan mako daga Gure nake kawo muku magana, kuma maganar ta shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar wani dogon aiki a kansa, irin wanda ba a gamawa cikin wata guda ko shekara guda, ko ma'aikacin gwamnati ne mai riƙe da furoje, ko ɗan kasuwa mai gina kanti bulo ɗai-ɗai. Yaya mutum zai tsare hankalinsa a kan aikin har ya ga ƙarshensa, alhali kullum safiya akwai mai sallama a bakin ƙofa, akwai takardar gayyata, akwai biki, akwai gaisuwar rasuwa, ga kuma salula tana kuka cikin aljihu? Na daɗe ina jin ana ba da amsa guda, wai a rufe ƙofa a kashe waya. Abin da na gani a Gure ya nuna mini cewa amsar nan rabi ce, kuma wanda ya riƙe ta ita kaɗai yana iya yin hasarar da ta fi ta mai yawan yawo.

Gure tana kan hanyar kwalta mai zuwa Difa, kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram, a ƙasar Muniyo, tsakanin duwatsu da tuddan rairayi. Ruwan saman da take samu a shekara yana wajen milimita 300, wata shekara ya ɗara, wata ya kasa. Baƙon da ya leƙa ta tagar mota sai ya ce babu komai a ƙasar sai rairayi da kalumbo. Arzikin kuwa yana ɓoye cikin kwaruruka, wato faffaɗan ramukan nan da ke tsakanin tuddai, inda ruwan ƙasa yake kusa da hannu. Goriba ce ke kewaye da su, dabino na daga ciki, sannan rogo da rake da albasa da sauran kayan lambu, a tsakiyar wasu kuma akwai kanwa, wadda ake ɗora wa raƙuma da motoci zuwa kasuwannin kudu har cikin Najeriya. Kwari guda yana iya riƙe gari guda tun daga kaka har faɗuwar ruwa. In tudu ya gangaro ya cike shi, mutanen garin ba su da sauran dalilin zama.

Tun bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da ciyawa da itatuwan da ke ɗaure da bayan tuddai suka mutu, rairayi ya tashi yana tafiya. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, zamanin Seyni Kunce, kuma tun daga nan furoje ke bin furoje a gabashin ƙasar nan. A shekarun 2010 an yi wanda ake kira PLECO, musamman domin kare kwarurukan gundumomin Gure da Maine-Sorowa, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Malaman Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da takwarorinsu na Beljiyam su ma sun shafe shekaru suna auna tafiyar rairayi a ƙauyukan yankin. Saboda haka ilimin tsayar da tudu ba baƙo ba ne a Gure, akwai matan ƙauye da suka fi wasu masu digiri iya shi.

Ga yadda ake yi, domin sai an san aikin za a gane inda shagala take yi masa lahani. Iska ba ta ɗaukar rairayi sama sosai, tana tura shi ne ƙasa-ƙasa, ƙwaya na tsalle tana bugun ƙwaya. Sai a saro rassan kalumbo, ko kuma na goriba, a kafa su layi-layi a bayan tudu suna tare hanyar iska, a gitta wasu layukan har wurin ya zama gida-gida kamar na dara. Ba a yin darnin a toshe kamar bango. Ana barin ƙofofi tsakanin rassan domin iska ta wuce da rauninta ta zubar da kayanta a gindi. In an toshe, sai ta yi ta ƙwaƙule ƙasan darnin har ta kwantar da shi. Wannan aikin rani ne. Amma darni matacce ne, gara na ci, rana na ci, ba ya wuce ƴan shekaru. Amfaninsa shi ne ya kwantar da rairayi har mai rai ya kama. Don haka tun cikin bazara ake cika ƴan ledoji da ƙasa da taki a wurin reno, a shuka irin ɗakwara da kandili da makamantansu, a yi ta ban ruwa safe da yamma wajen wata uku. In damina ta kankama, ruwa ya jiƙa tudu har ciki, sai a kwashe su a dasa a cikin gidajen darni. Daga nan kuma sai gadi, shekara biyu, uku, ko fiye, domin akuya guda tana iya cinye aikin mutum goma kafin azahar.

Mai karatu zai lura cewa aikin nan dogo ne, amma ba kowace rana ce take da nauyin ƴar uwarta ba. Akwai watannin da in shugaban aiki ya yi tafiyar mako biyu babu abin da zai lalace. Akwai kuma kwanakin da ba su da madadi. In ruwa mai ƙarfi ya sauka a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, tudu ya sha, kwanakin da ke biye su ne na dashe. Wanda ya bari suka wuce, saman rairayi ya bushe, sai ya jira wani ruwan, kuma a ƙasar da damina ba ta cika wata uku ba, wani ruwan yana iya zuwa a makare, ya bar dashe da ɗan gajeren lokacin kafa saiwa kafin iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Sakacin kwana biyar yana iya zama hasarar shekara.

Ina da aboki tun muna lise a Damagaram, wanda yake riƙe da aikin wani tudu a ƙarƙashin wani ƙaramin furoje, ba cikin waɗanda na ambata ba, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Bara ya yi darninsa cikin lokaci, renonsa ya yi kyau, matan ƙauye sun yi alkawarin fitowa, ya shirya amalanke da direban mota. Ana cikin jiran ruwa sai ga takarda: ana gayyatarsa taron ƙara wa juna sani a Damagaram, kwana huɗu, a kan yadda ake cike sababbin takardun rahoto. Ya ce mini ya juya takardar nan ya fi sau goma. In ya ƙi zuwa, za a ce yana raina na gaba da shi. In ya je, ga hadari yana haɗuwa kowace yamma. Ya je. A daren rana ta biyu, yana kwance a masauki, aka kira shi daga ƙauye aka ce ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Makullin ma'ajin kayan aiki yana aljihunsa, takardar man mota sai da sa hannunsa, kuɗin sallamar masu dashe ba mai taɓawa sai shi. Aka tashi taro, aka ɗauki hoto, ya biya ya gai da iyayensa kwana guda tunda ya shigo gari, wanda kuwa ba wanda zai zarge shi a kai. Ranar da ya isa tudu, in ka tona da hannu sai ka nutsa har wuyan hannu kafin ka ji danshi. Suka dasa a haka, domin itatuwan sun soma fasa leda. Da na je wurin cikin hunturu, mun bi layi muna dubawa, matattu sun fi masu rai nesa ba kusa ba.

Ba na son in yi munafunci a kan kuɗin zama. Kowa ya san dalilin da ya sa takardar gayyata take da daɗin karɓa. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin ashirin ga wata, in aka ce ga kwana huɗu da ƴan jikkuna kowace rana, ga abinci, ga kuɗin mota, ba sai an yi masa wa'azi ba. Magabatanmu a aiki, waɗanda suka sha bashin albashi na watanni a shekarun 1990, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994, su ne suka koyi rayuwa da taro, mu kuma muka tarar da al'adar ta zauna. Laifin bai tsaya kan mai karɓa ba. Masu ba da kuɗi suna son taro domin taro yana da sauƙin ƙirgawa: mutum kaza sun zo, kwana kaza aka yi, ga hoto, ga sa hannu. Itacen da ya rayu shekara uku bayan an rufe furoje kuwa babu layin da aka tanadar masa a takardar lissafi. Kuma masu tsara ranakun taro suna zaune ne a biro mai sanyi, a Yamai ko a babban birnin jaha, inda Yuli da Fabrairu duk ɗaya ne. Daga Gure zuwa Yamai ya fi kilomita 1,000. Taron kwana biyu a can, mako guda ne a wurin mutumin Gure.

Wannan ita ce babbar shagala, mai tambarin hukuma. Akwai kuma ƙarama, wadda muke ɗauke da ita a aljihu. Abokin nawa yana cikin zaurukan WhatsApp da shi kansa bai san adadinsu ba: na ma'aikata, na furoje, na ƴan ajinmu, na dangi, na ƴan unguwa. Na zauna kusa da shi wata safiya yana son haɗa lissafin kwanakin aikin mata domin a biya su, lissafin da bai fi awa guda ba, sai da azahar ta riske shi a kai, kuma sau biyu yana komawa farko domin ya manta inda ya tsaya. Wata malamar jami'a a Amurka, Gloria Mark, ta bi ma'aikatan biro da agogo a hannu, ta wallafa a 2005 cewa in an katse wa mutum aiki, yakan ɗauki wajen minti 25 kafin ya komo kansa. A can ke nan, inda ba a tsayawa tambayar lafiyar iyali da gajiya da sanyi. Hausawa sun riga ta faɗa da nasu harshe, taura biyu ba ta taunuwa.

To, sai a rufe ƙofa ke nan? A nan ne wani tsoho ya gyara mini tunani. Shi ne mai gadin tudun, Bamange ne, ya haura shekara sittin, yana da ƴar bukka a gindin wata aduwa. Na ce masa, "Baba, ni a ganina da ma'aikatan nan za su daina yawo da hira su zauna a kan aikinsu, da tuddan nan sun tsaya." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ka ga wancan tudun na yamma? Wanda ya yi shi ba ya hira." Ya ba ni labarin wani ma'aikaci da aka taɓa turowa shekarun baya, mai ƙwazo, mai tsare lokaci, wanda ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, ba ya zama shan shayi, in ka je biro gaishe shi sai ya amsa yana kallon takarda. Ya auna tudunsa da kyau, ya kafa darni madaidaici, ya yi dashe a ranar da ta dace. Abu guda ne bai sani ba: layinsa na gabas ya datse hanyar da garken makiyaya ke bi zuwa rijiya tun kaka da kakanni. Kowa a ƙauyen ya sani. Da ya zauna a kan tabarma sau ɗaya bayan la'asar, da an faɗa masa tun kafin a kafa reshe na farko. Ba wanda ya faɗa, domin ba wanda ya ga fuskar faɗa. Da rani ya yi tsanani, shanu suka bi hanyarsu, makiyaya ba su kore su ba, manoma ba su kai ƙara ba, rassan darni kuma suka ƙare a murhu. Tsohon ya ce, "Shi aiki yake yi wa takarda, mu kuma ba mu iya karatu ba."

Na daɗe ina juya maganar nan a hanyar komowa. A ƙasarmu, gaisuwa da zaman makoki da hirar bakin kasuwa ba duka ne ɓata lokaci ba. A nan ake jin wane ne ke da gona a gindin tudu, wace unguwa ce ta ji haushi don ba a ɗauki matanta aiki ba, wane maigari ne ba ya ga maciji da wane, yaushe baƙin makiyaya za su sauko. Dashen da za a yi gadinsa shekara uku, mai gadi guda da sanda ba zai iya ba, sai gari ya yarda, gari kuwa ba ya yarda da wanda bai taɓa taka ƙofar gidan kowa ba. Zumunci a ƙafa yake, in ji masu magana, kuma a aikin tudu zumuncin nan yana cikin kayan aiki kamar gatari da igiya. Har shi kansa mai aikin yana bukatar ya ɗaga kai. Wanda ya ƙura wa abu guda ido wata da watanni yakan daina ganinsa. Abokina ya ce mini dabarar sauya wurin renonsa zuwa kusa da rijiyar mata ta zo masa ne yana zaune a wurin ɗaurin aure, ba a biro ba.

Abin da ya raba ma'aikatan nan biyu da nasara, in an duba, abu guda ne: ba su rarrabe kwanaki ba. Na farko ya bar ƙofarsa a buɗe a makon da ya kamata ya toshe kunnensa, na biyu ya rufe tasa shekara guda cur alhali kwana goma ne kawai suke bukatar rufi. Ni ma'aunin da na samo daga Gure shi ne mutum ya tambayi duk abin da ya zo katse shi tambaya biyu. Shin yana ƙara mini sanin aikin nan ko yardar mutanen da aikin ya rataya a kansu? Shin kuma abin da zan ajiye dominsa yana iya jira? Gaisuwar rasuwa a ƙauyen da tudu yake, cikin watan Maris, ta ci jarrabawa ta kowane gefe. Taron cike takarda a makon dashe ya faɗi ta kowane gefe. Wahalar tana ga na tsakiya, kamar rasuwar dangi na kusa a ranar da ruwa ya sauka, kuma a nan ba ni da wata dabara sai dai mutum ya kasance tun farko bai tara makulli da sa hannu da kuɗi duka a aljihu guda ba.

Ƴan kasuwa kada su ce wannan ta ma'aikata ce. Ku ma kuna da tuddanku. Wanda ya ƙudura gina kanti, ko tara kuɗin babbar mota, ko kafa cinikin ƙaro da zai ɗauki shekaru kafin masu tsinka a daji su amince da shi, yana cikin dogon aiki, kuma takardar gayyatarsa ita ce labarin sabuwar riba. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, kowa ya san wani da ya zare jari daga ginin da ya kai linta ya sayi na'urar neman zinariya, ko ya ɗora wa ƙanensa ya tura shi arewa. Wasu sun samu, ba a musu. Amma gwamnati ta rufe wurin a 2017, kuma har yau in ka zaga unguwannin garuruwanmu za ka ga gine-ginen da suka tsaya a inda aka bar su, rairayi ya cika ɗakunan. Haka masu sayar da man fetur na kwalba suka ga ribar ta tsuke bayan Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuma wanda ya saki sana'ar gidansu domin ita sai ya koma yana neman abokan cinikin da ya watsar. Duk da haka ɗan kasuwar da ya toshe kunnensa ga labari shi ma ya mutu, domin farashin gero a Damagaram, da canjin naira, da halin hanya, duk a bakin masu zaman benci ake jinsu.

Tsofaffin ƴan kasuwa sun warware wannan tun kafin a haife mu. Na san wani dattijo mai sayen kanwa da fata wanda tun daga sallar asuba har rana ta ɗaga ba ya ganin kowa. A wannan lokaci yake buɗe littafin bashi, ya ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, ya ware kuɗin gini a gefe inda ko shi ba ya taɓawa. In ya fito ya shimfiɗa buzu a ƙofar kanti kuwa, har magariba nasa da na jama'a ne, ya sha shayi, ya yi sulhu, ya ji labarin kowace mota da ta sauka. Yaransa sun san lokacin, maƙwabta sun sani, har masu roƙo sun sani. Ba wanda ya taɓa kiransa mai girman kai, domin wanda aka hana shiga da safe ya tabbata za a karɓe shi da hantsi.

In muka ɗaga ido zuwa manyan ayyuka, ciwon ɗaya ne. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, daga Dakar zuwa Jibuti, wajen kilomita 8,000, wanda daga baya aka sa masa burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, kuma Gure tana kan hanyarta. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa abin da aka yi a cikin zirin da aka shata bai wuce hekta miliyan 4 ba. An ambaci ƙarancin kuɗi da rashin tsaro da raunin bin diddigi, duk gaskiya ne. Ni dai nakan ƙara da cewa shirin ya sha taro fiye da yadda ya sha ruwa. A gefe guda ga furojen Keita a jahar Tawa, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, aka zauna a kansa fiye da shekara 15 a wuri guda, mata suna ɗaukar dutse, har tsaunukan da suka zama ƙeƙasassu suka sake yin itace. Kuma kowace ranar 3 ga Agusta, tun 1975, muna fita da manyan riguna mu dasa itatuwa a gaban masu ɗaukar hoto. Da kowane itacen 3 ga Agusta ya samu mai leƙa shi ranar 3 ga Afrilu, da yanzu ana tafiya a inuwa daga Gure har Gidigir.

Saboda haka roƙona ga shugabannin ma'aikatu da masu tsara furoje ƙarami ne, kuma ba ya cin ko dala. Kafin a sa ranar taro, a tambayi na daji wane mako ne ba ya taɓuwa a wurinsa. Mai dashe yana da nasa, likitan dabbobi yana da nasa lokacin rigakafi, malamin makaranta yana da nasa gab da jarrabawa, mai karɓar haraji yana da ranar kasuwa. A tara tarurrukan a watannin da aiki ke numfashi. A kuma ba ƙaramin ma'aikaci izini, a rubuce, ya tura wakili ba tare da an ɗauke shi mai taurin kai ba, domin a tsarinmu na aiki yaro ba ya iya ce wa babba a'a, sai in babban ne ya buɗe masa hanyar faɗa. Ƙananan ma'aikata kuma su daina ɗaukar riƙe makulli a matsayin girma. Wanda aiki ba ya tafiya sai yana nan, ya ɗaure kansa ne, ya kuma ɗaure aikin.

Bana abokina ya sake reno. Ya gyara darnin da iska ta kwantar, ya yi wa mataimakinsa makulli na biyu, ya kai takardar man mota an sa mata hannu tun watan Yuni, shugabar matan ƙauye kuma ta san inda kayan aiki suke. Wayarsa yanzu tana kwana a aljihun babur har ya gama lissafin safe. Cikin rani ya je suna uku da jana'iza biyu a ƙauyen, ya kuma zauna da wakilin makiyaya suka matsar da layin kudu taki kaɗan domin garke ya samu hanya. Ranar da zan baro Gure na tarar da wata sabuwar takardar gayyata a kan teburinsa, ta taron kwana uku a ƙarshen Yuli. Ya rubuta wa na gaba da shi, cikin ladabi, yana neman a yarda ya tura wakili. Har na hau mota amsa ba ta zo ba, hadari kuwa ya soma haɗuwa ta gabas.